Ma'aunin Inna da Raguna Sittin da Bakwai

Raguna sittin da bakwai ne a garkena, saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah, kasuwar Lolo biyu ce ta rage kafin idi. Hamsin da takwas daga cikinsu na yi wata huɗu ina turka su, sun cinye harawar gona uku da dusar da ban iya tuna yawan buhunanta ba. Taran da suka cike adadin kuwa kwana huɗu kacal da shigowarsu, kuma su ne suka so su tashe ni daga sana'a. Abin da ke gabana ke nan a shekarar da zan ba ku labarinta, ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna ɗaukar hoton rago da waya, kuna cewa ai fataucin raguna ba komai ba ne illa a saya da arha a sayar da tsada.

Ni da riƙon igiya na fara. Shekara shida ina riƙe wa Alhaji Mainasara dabbobi a karar Lolo, wato kasuwar dabbobi, lokacin shi ne babban mai saye da sayar da tumaki a Illo. Wurinsa na koyi buɗe bakin rago in karanta shekarunsa a haƙora. Wurinsa na koyi dafa gadon baya in ji ko nama ne ko gashi, in kama gindin wutsiya in ji kitse. Shi ya nuna mini ragon da aka ba gishiri da kanwa tun da safe aka bar shi ya sha ruwa har cikinsa ya zama ganga. Ka saye shi da ƙiba, ka kai gida ya yi fitsari sau uku ya koma ƙashi. Shi ya nuna mini cewa ma'aikacin ofis ƙaho yake saye, mahauci cinya yake saye, tsohuwa kuwa sai ta duba ido. Ban taɓa raina abin da na samu wurin Alhaji ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma abin da ya raba garkena da na kowa daga hannun mace ya fito.

Kakata ce ta wajen uwa. Sunanta Kulu, mu muna ce mata Inna, gari kuma yana ce mata Sista. Tana cikin 'yan matan farko da aka ɗauka daga garinmu aka kai makaranta, daga can ta wuce koyon jinya a Sakkwato. Shekara talatin da biyar ta yi tana aiki, daga wannan ƙaramin asibiti zuwa wancan, wani wurin sai da kwalekwale ake shigarsa da damina. Ta ga shekarar amai da gudawa, ta ga sanƙarau, ta ga ƙyanda ta shiga ɗaki ta bi yara gado bayan gado. Rabin magidantan unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa. Sai mai gemu ya fara mata musu, ta ce, “Kai rufa mini baki, na gan ka ba wando.”

Da ta yi ritaya gidana ta zaɓa ta zauna. Akwatin ƙarfe ɗaya ta zo da shi, a ciki akwai fararen rigunan aiki huɗu a ninke, da ma'aunin zafin jiki na gilashi cikin gwangwanin alewa an naɗe shi da auduga. Ko sisi ba ta ƙara mini a jari ba. Da tumaki biyu na fara tsayawa da ƙafata, kuma ta ce haka ya fi.

Wata safiya na shigo garke na tarar da ita durƙushe a bayan wani uda, ta ɗaga masa wutsiya, ta sa masa ma'aunin a dubura tana duba agogon hannunta.

Na ce, “Inna, mi wanga rago ya yi miki?”

Ta ce, “Maigida, tsaya can, kishi kake da rago?” Haka take kirana, wasan kaka da jika. Ta zaro gilashin ta goge, ta ɗaga shi sama ta karanta, sai ta ɓata rai. Ta kama na biyu, ta kama na uku. Ta ce, “Ko dai garkenka duka zazzaɓi suke, ko kuwa tunkiya ba mutum ba ce.”

Da wani ne, da ya yi dariya ya bar zancen. Ita mako guda ta yi tana auna raguna goma mafi lafiya, kowace safiya kafin rana ta yi zafi. A nan ta gano cewa jikin tunkiya mai lafiya ya fi na mutum ɗumi: inda mutum yake tsayawa talatin da bakwai, rago yana kan talatin da tara. Sai ta samo jan zare ta ɗaura a jikin gilashin daidai kan arba'in. Ta ce, “Kai ba sai ka wahala da lamba ba. Wanda ya haye zaren ga, hitar da shi daga cikin 'yan'uwanai, ko yana tsalle yana karo.” Rago yakan yi kwana biyu da zazzaɓi a jiki yana cin harawarsa, idonsa garau. Hannun da ya fi kowane hannu ƙwarewa a kara ba ya jin wannan. Gilashin yana ji.

Daga nan ta sa ni na yanki wani gefe can ƙarshen fili, taku arba'in daga garke, na kafa shinge da rumfa, da daron ruwansa daban da igiyoyinsa daban. Ta sa masa suna ɗakin baƙi. Duk dabbar da na sayo, ko daga hannun wa ta fito, sai ta kwana goma a can ana auna ta kafin ta ga sauran. A bakin garke kuma ga tasa da ruwa da sabulu. 'Yan kara suka samu abin dariya. In na doso sai a ce, “Ga Garba Asibiti nan, ku ɓoye gindin tumakinku.” Wani Bafillace da nake sayen uda wurinsa ya taɓa tambayata ko ragunana ma suna karɓar kati kafin su ga likita. Sunan ya bi ni har yau, har a jikin motata an rubuta shi, ni na biya mai fenti.

Shekara bakwai ina bin wannan doka ba fashi. A ta takwas na karya ta, kuma ba don komai ba sai harawa.

Sallar shekarar ta faɗo farkon damina. Hadari ya fara haɗowa, ni kuma ina da sauran harawa dami da yawa a fili, in ruwa ya taɓa ta ta ruɓe. Rumfar ɗakin baƙi ce kaɗai ke da rufin kwano, kuma babu kowa a ciki, don na riga na gama saye. Sai na cika ta da harawa har sama. Kwana uku bayan haka, a kasuwar Lolo, wani mutum ya tsallako daga ɓangaren Benin da uda tara, manya, farin baya kamar an wanke da shuɗi, yana sauri ya sayar ya koma. Kuɗin da ya faɗa ko makaho ya ji ya san arha ce. Na buɗe baki, na duba ido, na dafa baya. Har ma'aunin na sa musu ɗaya bayan ɗaya a nan cikin kara, ana yi mini dariya, duka suna ƙasa da zare. Inna kuwa ta tafi Sharabi suna. Na kawo su gida, na dubi ɗakin baƙi cike da harawa, na dubi sama, na ce a raina ai na auna. Na zuba su cikin sauran.

Ku riƙe wannan: awo ɗaya ba ya wanke dabba. Ciwo yana iya kwana huɗu ko biyar a jiki kafin ya taɓa gilashi. Na san haka sarai. Arha ce ta mantar da ni.

Ran kwana na huɗu Inna ta dawo da hantsi. Ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa garke, ta ƙirga da ido, ta juyo.

“Garba.” In ta kira ni da sunana, wasa ya ƙare. “Hamsin da takwas na bari. Ina taran ga sunka hito?”

Na fara bayanin harawa da hadari. Ba ta saurare ni ba, ta miƙo hannu, na ɗauko mata gwangwanin. Uku daga cikin taran sun haye zare, ɗaya har arba'in da ɗaya. Ta buɗe bakinsa ta duba dasashi, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta sa kunne a haƙarƙarinsa. Ta ce, “Na san wagga. Ƙyanda ce, ta tumaki. Daro guda sunka sha da sauran?” Na ce e. Ta ce, “To kwashe harawakka, ka aika Bagudo a kira malamin dabbobi. Ni jinya na sani, ba ni da maganin wagga.”

Malamin ya zo washegari da babur. Ya tabbatar da abin da ta faɗa: ciwo ne mai yaɗuwa, ba shi da allurar da ke kashe shi, sai dai a tallafi dabba har ya wuce. Ya bar mana maganin da zai tare musu ciwon huhu, ya ce kada ko ɗaya ta fita, ya ƙara da cewa awaki ya fi kashewa. Kafin yamma biyu daga cikin nawa na turka sun haye zare.

Ranar jajibirin kasuwa Alhaji Mainasara ya zo da kansa, don labari ya kai masa. Ya zagaya garken, ya ja ni gefe.

“Garba, ni na koya maka sana'a, ba ni cutar ka. Guda nawa ad da majina? Biyar? Ware su. Sauran ka wanke musu huska, ka loda gobe da sassahe. Kwana tara ya rage, duk wuƙa za su sha. Wa zai sani?”

Na ce, “Alhaji, rago mai ciwo ai ba ya layya.”

Ya ce, “Wanda ciwonai ya bayyana anka ce. Waɗanga ka ga ciwo gare su? Gilashin tsohuwa ne kaɗai ya gani. Kowa haka yake yi, ni ma an yi mini. In ka zauna kana kallo, Sallah ta wuce ka da mushe.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganarsa ta shige ni. Wata huɗu na dusa da harawa, ga kuɗin makarantar yara, ga jarin shekara mai zuwa, duka suna tsaye da ƙafa huɗu a cikin shingen nan. Na je na kama mota.

Da safe motar ta ja baya zuwa bakin garke. Sai ga Inna ta fito, ta sa farar rigarta ta aiki wadda rabon da ta sa ta shekara takwas, ga agogo, ga gwangwanin alewa a hannu. Ta wuce ni ta buɗe ƙofar gaba.

Na ce, “Inna, ina za ki?”

Ta ce, “Kasuwa. Loda kayanka, ban hana ka ba, dukiyakka ce. Amma duk wanda ya taya, ni za ni auna mishi ragon gabanai in gaya mishi lamba. In ya ji ya saya, shi ya sani.”

Direba ya fashe da dariya, ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya haɗiye sauran. Alhaji, da ya zo ya taya ni lodi, ya ce, “Haba Sista, ki bar yaro ya ci abinci. Dabba ce hwa, ba mutum ba.”

Ta ce, “Mainasara, ragon Sallah ba ranar da anka saye shi aka yanka shi ba. Gida za a kai shi a ɗaure kwana tara. Kusa da mi? Kusa da akuyar matar gida. Akuyar ga ita ce asusunta, ita ce kuɗin maganin ɗanta. Na taɓa ganin uwa guda ta ɓoye zazzaɓin ɗanta don kar a raba ta da shi, ta shigo da shi ɗakin yara. Ni na wanke gawawwakin yaran da sunka biyo baya. Ba ni sake ganin haka da idona, ko ga akuya.” Ta juyo gare ni. “Maigida, rana na yi. Mu tahi ko mu zauna?”

Na san Inna. Da mun tafi, da ta yi, a tsakiyar kara, da ƙarfi, da Hausa da Fillanci da ɗan Dandancin da ta tsinta a wurin aiki. Kada ku ɗauka tsoron Allah kaɗai ne ya sauke ni daga motar nan. Akwai shi, amma akwai lissafin ɗan kasuwa. Rago sau ɗaya ake sayar da shi. Suna kuwa kowace kasuwa sai ka sake kai shi. Na ba direba kuɗin mansa na sallame shi. Alhaji ya kaɗa riga ya ce, “Ka zaɓi tsohuwa, sai ta ciyar da kai.” Shekara biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

Daga ranar garkena ya koma asibiti na gaske. Ta raba shi uku da zana: masu lafiya, masu zazzaɓi, da waɗanda zawo ya kama. Kowane ɓangare da daronsa da takalmin shigarsa. Zagaye daga masu lafiya ake farawa, a ƙare da masu zawo, ba a komawa baya sai an wanke hannu har gwiwa. Wanda ke zawo ruwan gishiri da sukari ake ɗura masa da kwalba, kaɗan-kaɗan ta gefen baki don kada ya shaƙe, sau biyar a yini. Wanda bakinsa ya yi gyambo ba ya iya tauna harawa, sai a dama masa dusa ruwa-ruwa kamar kunu. Majina takan bushe ta toshe hanci, a jiƙa ta da ruwan ɗumi a goge, kuma kowane rago da tsummansa. Da tsumma ya ƙare, ta buɗe akwatin ƙarfe ta ɗauko fararen rigunan nan huɗu, har da wadda ta sa ranar mota, ta yayyaga su da hannunta. Matata ta ce, “Inna, kayan aikinki!” Ta ce, “To aikin mi suke yi yanzu?”

Wanda ya mutu rami mai zurfi ake haƙa masa a zuba toka a rufe. Wani mahauci ya yi ta zarya yana so in sayar masa da masu shure-shure ya yanka. Ta tare shi a bakin ƙofa ta ce ya cire takalminsa ya wanke kafin ya koma cikin gari, tunda ya taka wurin. Ya wanke kuwa, yana gunaguni, don shi ma ita ta karɓi haihuwarsa. Maƙwabta mata ta bi su gida-gida ta ce kowa ta ɗaure akuyarta, kada a saki ko ɗaya har sai ta faɗa.

Tana da shekara saba'in da wani abu a lokacin, gwiwa na damunta. Kujera 'yar tsugunne nake bin ta da ita daga rago zuwa rago. Mako uku muka yi a haka. Dusa ta ƙare, na sayar da babur ɗina na sayo wata. Ranar Sallah, ni mai raguna cike da fili, ban yi layya ba. Wata bazawara da ke bayan gidanmu, mai awaki shida, ita ta aiko mana da cinyar ɗan akuya a kwano.

Kuma kada ku zaci duniya ta tafa mini. Ciwon ya shiga kasuwa duk da haka a shekarar, ta hannun wasu, ya yi ɓarna a ƙauyuka. Har aka samu masu ce mini, “To Asibiti, mi ka tare?” Na ce na tare nawa. Wanda ya kai nasa shi ya san abin da zai faɗa.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Har ƙarfinta ya ƙare tana tambayata da safe ko akwai baƙo a ɗakin baƙi, kwana nawa ya yi. Ta rasu da rani, bayan gajeriyar jinya, ta kuma gaya wa ma'aikaciyar da ke sa mata ruwa cewa jijiyar da take nema ba nan take ba. Allah Ya jiƙanta. Da aka zo rabon kayanta ban nemi komai ba sai gwangwanin alewa. Yanzu akwai ma'auni mai batir, ina da shi, shi nake aiki da shi. Amma na gilashin yana nan, zaren ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, ban sake shi ba.

Ɗayanku ya ce mini kwanan baya filin ɗakin baƙi asara ne, yana bakin hanya, in gina shaguna uku in ba da haya. Wani ya ce kwana goma ya yi yawa, kasuwa ba ta jira. Ku je ku yi naku yadda kuka ga dama. Nawa yana nan, taku arba'in daga garke, kuma ko harawata za ta ruɓe gaba ɗaya ba na sake sa dami ɗaya a ciki.

Ga yadda shekarar ta tashi. Cikin sittin da bakwai, ashirin da uku na binne, bakwai daga cikinsu 'yan arhar nan ne. Arba'in da huɗu sun tashi, ramammu, na sake turka su wata biyu na sayar bayan Sallah, lokacin da rago ba ya da daraja. Babur ya tafi, Sallah ɗaya ta tafi, rigunan Inna huɗu sun tafi. A ɗaya hannun, daga bakin masallacin unguwarmu har bakin fadama, gida goma sha tara masu awaki, ko akuya ɗaya ba ta yi tari ba. Matan gidajen nan da 'ya'yansu har yau ba sa sayen ragon layya ko na suna wurin kowa sai wurina, kuma ba sa buɗe masa baki, ba sa duba masa ido. Tambaya ɗaya suke yi: ya kwana goma? In ce ya kwana. Su kama igiya.